Guntuwar Sandar Jilali

Na'urar wasa ɗaya, naɗe cikin tawul. Hannuwanta biyu, kowanne da wayarsa. Kaset ɗaya. Dafaffen ƙwai uku da ƙullin gishiri. Rabin burodi. Takarda mai layi biyu: Lahsen, Darb Gallaf, bayan masu eriya.

Abin da Jilali ya ɗauko ke nan daga Kuribga. Tasin ta riga ta wuce Barrashid, su shida a ciki ban da direba, shi a tsakiya, ya rungume tawul ɗin a cinya. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ɗaga kayan sama, kansa ya bugi rufi.

Tsohuwar da ke gefensa ta gaji da kallo.

"Ɗana, jariri ne?"

"Na'ura ce, Hajiya."

"Me ya same ta?"

"Makunni."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji tsohuwar, ta mayar da fuskarta taga.

Mahaifinsu, Si Ma'ati, shi ya saye ta a 1986 wurin wani da ya dawo daga Italiya. Baƙa ce mai fuskar katako, sunan da ke jikinta ya goge tun Jilali bai fara aske gemu ba. Wasa ɗaya ne a kaset ɗin. Sanda a dama, sanda a hagu, ƙwallo mai kusurwa huɗu na kai da komowa a tsakaninsu. Wanda ya fara kai sha biyar ya ci.

Ya saye ta ne saboda 'ya'yansa maza biyu, Bushta da Jilali, ba abin da ba sa dambe a kai: bargo, kan rago, wanda zai zauna kusa da taga. Ranar da aka jona ta a talabijin gidan ya yi tsit, har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Da tsohon ya zo mutuwa bai yi doguwar wasiyya ba. Ya ce duk abin da suka saɓa a kai, kada su kai wa alƙali, kada su kai wa liman. Su bari sai Juma'a, bayan an ci kuskus, su buga.

Babba ke zama a dama. Haka ake shiga ƙofa, haka ake miƙa shayi, ba wanda ya yi tunanin na'ura za ta zo da wani tsari dabam. Ba ta kuwa zo da shi ba. Sandar dama doguwa ce, ta hagu rabinta. Si Ma'ati ya duba tun ranar farko, ya gyaɗa kai, ya ce ashe Turawa ma sun san babba.

Cikin shekara talatin da uku Jilali ya ci sau uku. Sau ɗaya Bushta na ciwon ido. Sau ɗaya hannunsa na cikin filasta. Na ukun ana tsakar wasa aka shigo da labarin matarsa ta haihu, ya ajiye ya fita. Sauran Juma'o'in duk na Bushta ne. Da haka ya sami ƙasan gida, Jilali ya hau sama. Da haka aka shafa wa bango koren fenti irin na asibiti. Da haka 'yar Jilali ta tashi da suna Mbarka, sunan goggonsu, maimakon Salma da uwarta ta so.

Yanzu maganar saman bene ce. Yunes, ɗan Bushta, zai yi aure, uban na so a gina masa ɗaki a can. A can ɗin kuwa Jilali ke da tattabaru arba'in da ɗaya, da ɗakinsu na katako da ya buga da hannunsa, da kujera mai ƙafa uku inda yake zama bayan la'asar. Ba shi da wani wuri. An sa wasa ranar Juma'a. Ranar Litinin Jilali ya sauko don ya ɗan motsa hannu, ya tura makunni, makunnin ya yi lagwab kamar haƙorin tsoho, talabijin bai ko ƙifta ba.

Sai aka saɓa a kan wanda zai kai ta gyara Kasablanka. Ba na'urar da za a buga. Kwana biyu suna wuce juna a matakala ba mai cewa uffan, har babbar yayarsu, Lalla Rkiya, ta zo daga unguwarsu ta zauna ba ta ko cire mayafi ba.

"Da tana aiki, wa zai faɗi?" ta tambaya.

Kowa ya dubi Jilali.

Rumfar Lahsen mai gyara, a kasuwar Darb Gallaf, ba ta kai faɗin ƙofar gida ba. Mutumin siriri ne, ɗan yankin Sus, tabarau biyu a fuska, ɗaya kan ɗaya. Matattun na'urori jibge a bayansa har rufi. Ya buɗe tawul ɗin, ya daɗe yana kallo.

"Rabona da irin wannan tun ina da gashi. Me ta yi?"

"Ba ta kamawa, Ma'allam. Kuma jibi nake bukatarta."

"Jibi? Wa zai mutu jibi?"

"Tattabaru."

Lahsen bai tambayi ƙarin bayani ba. A kasuwar nan ya ji abin da ya fi haka. Ya kwance kusoshi huɗu ya jera su a murfin kwalba, ya ɗaga fuskar katakon, ya hura. Ƙurar da ta tashi ta sa mai sayar da wayoyi na rumfar gaba atishawa, ya zage shi ta cikin allon da ya raba rumfunansu. Lahsen ya ciro makunnin da dalma mai zafi, ya buɗe 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe shi, ya zazzage cikinsa a farar takarda. Wani ɗan ganyen tagulla ya faɗo, baƙi ƙirin, ya rabe biyu.

"Ka ga mai laifin. Wannan ɗan abin shi ke taɓa wancan wuta ta wuce. Ya gaji. Sau nawa kuke kunna ta?"

"Duk Juma'a."

"Tun yaushe?"

"Tun tamanin da shida."

"To ai ya yi ƙoƙari. Ni ma da an tura ni haka da na karye."

Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya jawo wata gawar na'ura, ya cire mata irin ganyen. Ya goge wurin zamansa da tsohon buroshin haƙori da sifirit har tagullar ta yi ja, ya ɗan lanƙwasa sabon da farce, ya shafa maiko kamar ƙwayar gero, ya mayar ya liƙe. Bai kai rabin awa ba. Ya tura makunnin, ya yi ƙas.

"Ka ji? Haka lafiyayye ke magana. Zauna mu gwada. Ba abin da ke fita rumfar nan ban buga shi ba."

Ya jona ta a wani ƙaramin talabijin, ya turo wa Jilali kujerar dama.

"A'a, Ma'allam, ni a hagu nake."

"Kai baƙo ne. Dama."

"Ka girme ni."

"Rumfata ce. Zauna, Si Jilali, kada mu wuni a nan."

Jilali ya zauna a bakin kujerar kamar wanda aka kira ofishin 'yan sanda. Sanduna suka bayyana. Lahsen ya ɗage tabarau ɗaya, ya matso da fuska.

"Wannan fa? Me ya cinye min rabin sanda?"

"Ta ƙarami ce."

"Ta wa?"

"Ta ƙarami. Babba a dama, doguwa. Ƙarami a hagu, guntuwa. Haka aka yi ta."

"Wa ya ce?"

"Babanmu, Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Injiniya ne?"

"A ramin haƙar ma'adinin fosfat ya yi aiki."

Lahsen ya kashe na'urar, ya juya bayanta. Wasu ƙananan makunnai biyu na nan kusa da inda wayoyi ke shiga. Jilali ya san su. Tun suna yara aka hana su taɓawa, an ce na wutar Italiya ne, wanda ya taɓa zai ƙone gida. Lahsen ya tura na dama, ya tafi ƙasa ya dawo sama sumul. Ya tura na hagu, ko gezau. Ya sa sukudireba, ko gezau.

Ya sake kwance kusoshin huɗu. Cikin makunnin hagu cike yake da wani abu mai ruwan ƙasa, ya daskare kamar dutse. Lahsen ya kankaro kaɗan, ya sansana, ya ɗora a harshe.

"Shayi."

"Shayi?"

"Da na'ana'a. Sukari kuwa ba a yi rowa ba. Wannan ba shayin Italiya ba ne, namu ne. Wanda ya sayar wa babanku ya yi ɓari a kai, ya goge waje, ya yi shiru. Shayin nan ya girmi 'yata ta fari."

"To me makunnin ke yi?"

"Sama, sanda doguwa. Ƙasa, guntuwa. An yi shi ne don gwani ya rage wa kansa in zai buga da ɗan koyo. Kowane ɗan wasa da nasa. Ba ruwan na'ura da wanda aka fara haifa."

Jilali ya kalli hannun Lahsen yana ɗiga ruwan ɗumi, yana gogewa, yana ɗiga sifirit, yana gogewa. Ruwan da ke fitowa ja ne, har da ƙamshi. Da aka tura makunnin sama aka sake kunnawa, sandar hagu ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta dama. Jilali ya ga abin kamar rashin kunya.

"Koma hagunka tunda can ka saba," in ji Lahsen. "Mu gani."

Sha biyar da nema. Minti huɗu.

Jilali bai yi niyya ba. Shekara talatin da uku yana tare ƙwallo da abin da bai fi ƙwayar wake ba, yau an ba shi ƙyauren gareji. Kafin ƙwallon ta bar sandar Lahsen ya riga ya san inda za ta sauka, ya je ya jira ta, har ya sami lokacin sosa kunne. Duk ci ɗaya sai ya ce, "Yi haƙuri, Ma'allam."

"Daina ba ni haƙuri! Ci ka yi shiru!"

Lahsen ya buga allo ya kira mai wayoyi, wani ƙato da ake ce wa Abdelhak, wanda ya ce shi a wasan nan ya girma, ba a taɓa cinsa a unguwarsu ba. Sha biyar da nema. Mai eriya ya bar rumfarsa ya zo. Sha biyar da nema. Lungun ya toshe, mai turo amalanken lemo ya rasa hanya ya tsaya kallo. Aka nemo wani mai gyaran kwamfuta da aka ce ya taɓa zuwa gasa a Rabat. Shi ya samu ɗaya, lokacin da Jilali ya saki hannu don ya amsa sallamar wani dattijo.

"Ɗan'uwa, a ina kake buya?" in ji Abdelhak. "Wa ke iya cinka?"

"Yayana. Kullum."

"To yayan naka aljani ne."

"Taya yake sayarwa."

Da mutane suka watse Jilali ya jawo kujera kusa da Lahsen, ya rage murya.

"Ma'allam, a mayar da sukarin."

Lahsen ya cire tabarau duka biyun. "Me ka ce?"

"Ga mai shayi can. Cokali ɗaya ya isa. Makunnin wuta kawai aka aiko ni."

"Shekara ashirin da takwas ina cire datti daga cikin makunnai. Yau ka zo daga Kuribga ka ce in zuba? A rumfata? In wani ya buɗe ta gobe ya ce wa ya taɓa ta, a ce Lahsen?"

"Ba ka san gidanmu ba."

"Ba na son in sani. Duba nan. Sama, doguwa. Ƙasa, guntuwa. In guntuwar kake so, tura ƙasa da yatsanka, ba mai hana ka. Yanzu zaɓi na hannunka."

"Abin da ba na so ke nan."

"Wannan kuma ba gyarana ba ne."

A tasin komawa ya ci ƙwan uku a jere ba tare da ya yi wa kowa tayi ba, abin da bai taɓa yi ba. Hannunsa na ƙarƙashin tawul. Sama, ƙasa. Sama, ƙasa. Ya tuna koren bango. Ya tuna matakala ashirin da biyu da matarsa Zuhur ke hawa da tulun gas. Ya nemi haushi a ransa, ya sami kaɗan, bai kai yadda ya zata ba. Abin da ya fi samu tsoro ne. In ya tura ƙasa, jibi war haka ana sauke ɗakin katako, a kai tattabaru kasuwar Lahadi a kwali. In ya bar shi sama, bai san abin da zai faru ba, don ba a taɓa yi ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya hau bene, ya watsa hatsi, ya ƙirga. Arba'in da ɗaya. Wata shuɗiya mai ɗingishi ta sauka a gwiwarsa ta yi masa kashi a wando. Ya sauko ya bar makunnin hagu a ture sama.

Juma'a aka ci kuskus da kabewa, aka kwashe akushi, aka kawo shayi. Bushta ya zauna a dama, ya naɗe hannun jallabiya, tumbinsa a gaba. Lalla Rkiya na kan doguwar kujera da carbi. Zuhur ta tsaya bakin ƙofa. Yunes, angon gobe, ya riga ya zo da tef ɗin awo a aljihu.

Bushta ya tura makunnin wuta. Ƙas.

"Madalla. Ɗan Sus ya iya aiki."

Sanduna suka fito. Bushta ya duba dama, ya duba hagu, ya tashi ya bugi talabijin a gefe. Ba abin da ya canja.

"Jilali. Mene ne wannan?"

"An gyara, Yaya."

"An gyara? Kwana ɗaya ta yi a Kasablanka ta dawo ba ta san babba ba! Me ka sa aka yi mata?"

Jilali ya juya bayan na'urar. Da ya kai yatsa kan makunnin hagu Zuhur ta yi salati, Yunes ya ja da baya, Lalla Rkiya ta ɗaga ƙafafunta daga ƙasa saboda wutar Italiya. Ya tura ƙasa, sandarsa ta tsuke. Ya tura sama, ta miƙe. Ya yi wa ta dama haka. Gida bai ƙone ba. Ya ba su labarin shayin a taƙaice.

"Ƙarya ne," in ji Bushta. "Baba da bakinsa ya ce haka aka yi ta."

"Baba bai buɗe cikinta ba."

"Yanzu Baba kake ƙaryatawa? A gaban yara?"

"Yaron naka shekararsa ashirin da bakwai," in ji Zuhur daga bakin ƙofa.

"Mayar da ita yadda take."

"A'a, Yaya."

Ba a taɓa jin kalmar daga bakinsa a ɗakin nan ba. Shi kansa ya waiga kamar wani ne ya faɗa.

"To mun saɓa ke nan," in ji Bushta. "Wasiyya ta ce a buga."

"A buga. Da wace sanda?"

"Da guntuwa mana, yadda aka saba!"

"Ai a kanta muka saɓa."

"To a buga a kan da wace za a buga!"

"Shi ma da wace?"

Yunes ya fara lissafi da yatsu ya bari. Aka yi ta zagaya maganar har shayi ya huce, aka sake ɗora wani. Bushta ya kawo shawarar a kira liman, aka tuna masa wasiyya ta hana. Ya ce a jefa kwabo, Lalla Rkiya ta ce ba a caca a gidan ubanta.

Daga ƙarshe ta ajiye carbin.

"Ku saurara, ina da wanki a gida. Baba ya ce a buga, bai faɗi tsawon sanda ba. Kai ne babba, Bushta, kai za ka zaɓa. Amma da baki za ka faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji. Ka ce, ni Bushta ina so a ba ni doguwa, a ba ƙanena guntuwa. Faɗi, a tura, a buga, in tafi."

Bushta ya dubi yayarsa. Ya dubi ɗansa. Ya dubi taga, inda kawunan maƙwabta biyu suka bayyana tun da aka fara ɗaga murya. Shekara talatin da uku abin na zuwa masa ba tare da ya roƙa ba, kamar ruwan famfo. Ya gyara murya. Ya ce, "Ni Bushta." Ya tsaya. Wuyansa ya yi ja.

"Kuna nufin sanda ce ke ci min wasa?"

Ya ɗaga hannunsa sama.

"Sanda? Hannu ne! Ba ni guntuwar. Shi ya riƙe doguwar. In nuna muku yau."

"Yaya, kada ka yi haka," in ji Jilali. "A bar su daidai."

"Ka ji tsoro ke nan. Tura!"

Jilali ya tura na dama ƙasa.

Ba a kai minti uku ba. Bushta bai taɓa ƙwallon ba sai sau biyu, ɗaya ma ita ta same shi. Yana murɗa hannun wasa da jikinsa duka, yana bin ƙwallo da kai, har hularsa ta faɗi. A ci na tara ya ce hasken taga ne, aka ja labule a fuskar maƙwabta. A na sha biyu ya ce a duba wayarsa. A na sha biyar na'urar ta yi ɗan kukanta ta tsaya.

"Saman bene na Jilali ne," in ji Lalla Rkiya, ta ɗauki mayafi. "Yunes, mayar da tef ɗinka."

Jilali ya zauna yana jiran ihu. Ya san ihun Bushta, ana jinsa har tashar mota. Amma Bushta ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya daɗe yana kallon guntuwar sandar. Sai ya sa hannu a aljihun jallabiya ya ciro tarin makullai, sun fi ashirin a zobe ɗaya, ya ajiye su a cinyar ƙanensa. Ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu, ya yi wata ajiyar zuciya mai tsawo.

"To, maigida. Bismillah."

"Yaya, bene kawai aka buga."

"Yau ke nan. Juma'a mai zuwa fa? Wa zai ci? Ta sama fa? Kai ne. Saurara. Bututun bayi na yoyo cikin bangon maƙwabci, ya ce zai kai ƙara. Ko a fasa ta wajenmu ko ta wajensa, duk wanda ka zaɓa wani zai daina gaishe ka. Surukan Yunes na son a yi biki a zauren haya, uwarsa na son a kafa tanti a titi. Ka zaɓa, wadda ta rasa za ta yi shekara tana tuna maka. Kuma tunda ba bene, ka san inda za ka kwantar da amarya."

"Ni?"

"Wa ya ci? Ragon layya, in ya yi tsada kai ne, in ya yi rama kai ne. Rabon da in ci abinci a gidan nan ba a harare ni ba tun Baba na da rai. Zuhur, akwai sauran shayi?"

Zuhur ba ta ji shi ba. Ta riga ta iso gefen mijinta, ta durƙusa, tana magana ƙasa ƙasa da sauri. Injin wanki ya dawo sama. A canja ƙofar waje. A raba mitar wuta. Ƙanwarta ta zo hutu da yara huɗu. Yunes ya matso ta ɗaya gefen yana cewa, "Baffa, ɗakin ajiya fa, in aka fasa bango?" Lalla Rkiya, da ta kai ƙofa, ta dawo ta ce tunda abin ya zama haka, akwai maganar kabarin Baba da ta daɗe tana so a sake wa dutse, Bushta ya ƙi. Maƙwabcin da ke bayan labule ya ɗaga murya ya ce shi ta wajensu yake so a fasa.

Jilali ya dubi makullan. Ya ɗaga su, sun yi nauyin ɗan zakara. Ya dubi yayansa, wanda ya lumshe ido, hannu a kan tumbi, fuskarsa ta yi sumul kamar ta jariri.

"Lalla Rkiya," ya ce, "abin da aka buga ya bugu?"

"Ya bugu."

"Ba a sake buga shi?"

"Har abada. Me ya sa?"

Ya tashi. Ya juya bayan na'urar, ya tura na dama sama, ya tura na hagu ƙasa. A talabijin sandar dama ta miƙe, ta hagu ta koma rabi. Ya ɗauki kofin shayin Bushta, wanda sukari ya kwanta a gindinsa, ya karkata shi a hankali kan makunnan biyu, ɗigo uku uku.

Bushta ya buɗe ido. "Kai! Me kake yi?"

Jilali ya ajiye masa makullan a kan tumbi, ya raɓa ta gefen matarsa, ya kama matakala. Suka biyo shi duka, Bushta a gaba yana haki, makullai na kaɗawa a hannunsa, yana kiran a kawo tsumma, a kawo ruwan zafi, a kira ɗan Sus a waya. Jilali ya riga su kaiwa. Ya shiga, ya jawo ƙofar ƙarfe ta benen, ya zura sakata.

"Bene nawa ne," ya ce ta cikin ƙarfen. "Sauran duk ku tambayi Yaya."